Masaukin gwamnati a bakin tafki: me ke cinye ɗakunan, kuma ta ina ake fara gyara?

Shugaban Zaure:
Assalamu alaikum. Tunda Allah Ya haɗa mana magina da masu famfo da masu wayarin da ma'aikatan otal a zaure ɗaya, ga maganar da nake so mu baje. A zamanin marigayi Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka yi madatsar Tiga, aka gama ta a 1974, aka kuma yi ta Bagauda. Kowacce an san ta da masaukinta: Rock Castle a Tiga, da otal ɗin Bagauda wanda harabarsa ta koma reshen Makarantar Horas da Lauyoyi. Wato tunanin a kwana a bakin ruwa a huta ba baƙo ba ne a wajenmu. Abin da ke ba mu wuya shi ne riƙo. A ce yau wata jiha ta danƙa muku ɗakuna 20 a bakin tafki, an daɗe ba a kula da su ba, suna warin rufi, fenti na ɓarewa. Ta ina za ku fara? Aiki nake so a faɗa dalla-dalla, da awo da adadi.

Baba Magini:
Wa alaikumus salam. Kada a sayi ko bokitin fenti ɗaya tukuna. A fara zagaya ginin daga waje, ido a ƙasa.

Bulo da filasta kamar lagwani suke, suna zuƙo ruwa daga ƙasa zuwa sama. A bakin tafki ruwan ƙasa yana kusa, don haka zuƙon ba ya tsayawa. Ruwan yana hawowa da gishirin ƙasa, ya bushe a fuskar bango, gishirin ya zauna ƙarƙashin fenti ya tura shi waje. Ku tsuguna ku dubi gindin bangon: za ku ga fari-fari kamar an barbaɗa kanwa, fentin ya yi ƙuraje, in ka danna da yatsa filastar ta zube kamar garin rogo. Yawanci abin yana tsayawa ƙasa da mita 1, da wani layi mai lanƙwasa a samansa. In kun ga wannan layin, daga ƙasa ruwan yake. In tabon daga sama ya gangaro, wannan maganar rufi ce.

Maganinsa tun ranar gini shi ne ledar hana danshi ko kwalta da ake shimfiɗawa a kan tushe, aƙalla inci 6 sama da ƙasar waje. Sau da yawa an sa ta, amma daga baya aka yi ciko ko aka kafa lambun furanni jikin bango, ƙasa ta hau ta wuce ledar. To a kwashe wannan ƙasar. A yi daɓen kankare mai faɗin mita 1 a kewaye ginin, ƙasar da ke bayansa kuma ta gangara inci 6 a cikin ƙafa 10 na farko. Sannan a sassaƙe ruɓaɓɓiyar filasta har ƙafa 1 sama da inda tabon ya tsaya, a bar bulon tsirara ya sha iskar hunturu. Sai ya bushe a mayar da filasta, siminti 1 yashi 4, yashin kuma wankakke. A ba ta kwana 28 kafin fenti.

Mai Tayil:
Baba, da girmamawa, ai wannan hanyar tana cin wata uku. In aka manna tayil daga ƙasa zuwa ƙugu, ciki da waje, ba a rufe maganar ba? Ga kyau, ga sauƙin gogewa.

Baba Magini:
Ɗana, tayil ba ya hana ruwa hawa, fita kawai yake hana shi. Ruwan da ya rasa hanya sai ya ƙara hawa ya ɓullo a saman tayil ɗin, daidai inda soket da kan gado suke. Bayan damina biyu ka ƙwanƙwasa tayil ɗin ka ji yana amsawa kamar ganga, gishiri ya raba shi da bango. Haka fentin mai mai sheƙi yake yi. Bangon bakin ruwa yana son fentin ruwa wanda zai bar shi ya yi numfashi. Tayil wurinsa banɗaki da daɓe.

Kafinta:
Ni zan hau sama. Ku yi lissafin nan: ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Rufin ɗaki mai murabba'in mita 60, in aka yi ruwa mai milimita 50 a dare ɗaya cikin marka, lita 3,000 ke nan, sama da duro 14. In babu indararo, ko ya cika da ganye, duk a gindin bangon da Baba ke magana za su sauka. Bakin rufi ya fito aƙalla ƙafa 2, in ya kai 3 ya fi. A share indararo sau biyu, a watan Afrilu kafin ruwa ya sauka, da kuma cikin Agusta.

Yoyon kwano ba kasafai daga tsakiyar falle yake ba. Daga ƙusa yake. Robar da ke ƙarƙashin kan ƙusa ko noti rana ce ke cinye ta, ta tsage, ruwa ya bi ƙusar ya shiga katako, katakon ya ruɓe daidai inda ya kamata ya riƙe. Sai guguwar farkon damina ta zo, kuma a bakin tafki babu abin da ke tare iska, ta ɗaga kwanon gaba ɗaya. Don haka a bi ƙusa ɗaya bayan ɗaya a watan Maris, a sauya masu mataccen roba, a duba ƙarfen da ya ɗaure katakon rufi da bango. In za a sake rufin, alminiyom mai kaurin milimita 0.55 ya fi jure danshi, amma kada a haɗa shi da ƙusar baƙin ƙarfe, wajen haɗuwar ne zai fara ci.

Sai gara. Alamarta hanyar laka ce siririya da ke hawa jikin bango ko bayan ƙyauren ƙofa. A ɗauki sukudireba a dinga sokawa a gindin kowane firam, in ya shige kamar cikin burodi an gama da shi. Kada katako ya taɓa ƙasa ko kaɗan, a tone kututturen itatuwan da aka sare kusa da gini, a fasa duk shurin da ke harabar.

Mai Tayil:
To baƙin mai fa? Shi aka saba shafa wa katako, ga araha.

Duba-gari:
Ba a bakin tafki ba, Malam. Ruwan sama zai wanke shi ya kai inda masunta ke kamun kifi, kuma warinsa yana saukowa ɗaki in rana ta buɗe. A sayi katakon da aka riga aka jiƙa da magani, ko a shafa irin su Solignum a kan leda nesa da ruwa, a bar shi ya bushe kafin a ɗora.

Tunda an hau silin, a yi maganar jemage. Wannan warin mai hawa kai da baƙo ke ji da ya buɗe ƙofa, sau da yawa kashin jemage ne da fitsarinsu da ya jiƙa silin. Kafar da yatsa zai shiga ta ishe su. A tsaya da magariba a ga ta inda suke fita, a toshe sauran kafofin da raga, a bar waccan, sai sun fita a rufe ta. Ba a yi lokacin da suke da 'ya'ya, don za su mutu a ciki warin ya ninka. Mai kwashe kashin ya sa takunkumi ya yayyafa ruwa tukuna, ƙurarsa tana ɗauke da cutar huhu.

Injiniyar Ruwa:
Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma a ganina sokawe, wato ramin da ruwan masai ke tsiyayewa cikin ƙasa, ya kamata ya zo gaba da komai. Ana iya kwana a ɗaki mai tabon bango, ba a iya kwana a ɗakin da masai ke dawo da ƙazanta.

Ruwan madatsa ba tsaye yake ba. Tiga tana cika da damina, da rani a sake ta zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, baki ya ja baya. Ruwan ƙasar da ke kewaye yana bin wannan hawa da sauka. Wanda ya haƙa sokawe a watan Maris zai ga rami busasshe ya yi murna, a watan Satumba ramin ya cika da ruwan ƙasa, na banɗaki ya rasa inda zai shiga. Ƙa'idar ita ce gindin sokawe ya kasance aƙalla mita 1.5 sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa a ƙarshen damina, kuma ya nisanci rijiya da bakin tafki da aƙalla mita 30. Bakin tafkin da za a auna daga gare shi shi ne na ranar da ya fi cika. In ƙasar ba ta ba da wannan zurfin ba, a bar rami mai zurfi, a yi dogayen kwatoci marasa zurfi da bututu mai huji-huji a kan tsakuwa, a tudu.

Girman tankin masai kuma akwai lissafin da aka daɗe ana amfani da shi: lita 180 sau yawan mutane, a ƙara lita 2,000. Ɗakuna 20, mutum biyu-biyu, mutum 40, ya kama lita 9,200. Wannan ban da kicin da wanki. Ruwan kicin ya bi ta akwatin tare maiƙo da ake kwashewa duk mako, ruwan wanki ya bi tasa hanyar, domin bilic da omo suna kashe ƙwayoyin da ke narkar da ƙazantar. A auna laka da sanda duk wata shida, in ta kai kashi ɗaya cikin uku na zurfin a kira motar kwasa, a bar 'yar kaɗan a ƙasa ta zama iri.

Mai Famfo:
Injiniya ta gama magana a kan waje, bari in shiga ciki. Bututun masai mai inci 4 yana son gangare 1 cikin 40, wato kowace mita 4 ya sauka santimita 10. In ya kwanta ƙazanta ta zauna. A sa ramin dubawa a kowace kwana.

Amma abin da nake so masu kula da wurin su riƙe shi ne, rufe ɗaki yana lalata shi fiye da kwana a ciki. Ƙarƙashin kowane masai da abin wanke hannu da magudanar daɓe akwai lanƙwasa mai riƙe ruwa kamar inci 2. Wannan ɗan ruwan shi ne ƙofar da ke tsakanin ɗaki da sokawe. In aka kulle ɗaki makonni cikin hunturu ko bazara, ruwan ya ƙafe, wari da kyankyaso da sauro su shigo kai tsaye. Robobin famfo su bushe su tsage, abin da ke tsayar da ruwan tankin masai ya maƙale. Don haka duk mako, ko da baƙo ko babu, a shiga kowane ɗaki a kora masai, a buɗe kowane famfo minti biyu zuwa uku, a zuba buta ɗaya a magudanar daɓe.

Gwajin yoyon masai kuma ba ya cin ko sisi: a ɗiga shuɗi a tankin baya, kada a kora, a dawo bayan minti 15. In launi ya fito a kwanon, robar ƙasa ta mutu. Masai ɗaya mai irin wannan yoyon yana zubar da ɗaruruwan litoci a yini, kuma duk cikin sokawen Injiniya suke tafiya.

Tsohon bututun ƙarfe a cire shi, daga ciki yake tsatsa, shi ke kawo jan ruwa da raunin shawa. Na roba na PVC kada a bar shi a rana, yana ƙeƙashewa. Ruwan zafi a ba shi bututun roba mai jure zafi na PPR.

Hajiya Mai Kula da Ɗakuna:
Malam Mai Famfo, Allah Ya saka da alheri, wannan ita ce maganar. Kuskuren da ake yi a teburin karɓar baƙi shi ne a dinga ba da ɗakuna biyar na kusa da ofis kullum, don sauƙi. Biyar ɗin su gaji, sha biyar su ruɓe. A dinga juyawa, kowane ɗaki ya samu mai kwana. Wanda babu kowa a buɗe tagoginsa awa biyu da hantsi, a bar ƙofar wadirob a buɗe, gado ya ja baya da bango kamar tafin hannu.

Kayan shimfiɗa kashi uku ake yi wa kowane gado: ɗaya a kai, ɗaya a wanki, ɗaya a ajiye. In biyu ne, da marka za a shimfiɗa wanda bai gama bushewa ba, kuma daga nan fumfuna ke kama katifa. Katifar da ta kama ba ta da magani sai fitarwa. A sa mata riga mai hana ruwa tun ranar da aka saye ta, a juya ta duk wata uku, a rubuta ranar saye a jikinta. Kafet kuwa a cire shi kwata-kwata, tayil da 'yar darduma da za a iya shanyawa sun wadatar.

A kuma gina banɗakin don mutanenmu. Baƙonmu zai yi alwala sau biyar da buta, daɓen ba zai taɓa zama busasshe ba. Ya gangara zuwa magudana, ya yi ƙasa da daɓen ɗaki da kamar inci 1, tayil ɗin ya zama mai kaushi saboda tsofaffi, a sa ƙaramin famfo ƙasa-ƙasa. Ƙofar katakon filawud a banɗaki ba ta shekara biyu ba ta kumbura daga ƙasa ba, a sa ta roba ko alminiyom. A manna alamar alƙibla a ɗaki, a ajiye buta mai tsabta. Ƙananan abubuwa ne, amma su baƙo ke fara lura da su.

Ɗalibin Otal:
Hajiya, ina neman ƙarin haske a kan kuɗin cizo. An ce ana fesa magani amma bayan mako biyu ya dawo.

Hajiya Mai Kula da Ɗakuna:
Ɗana, dalilin shi ne maganin yana kashe manya ya bar ƙwai, ƙwan kuma yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10. Dole a maimaita bayan kwana 10 zuwa 14, a haɗa da ɗakunan dama da hagu. Duk ranar sauya shimfiɗa a ɗaga ɗinkin gefen katifa a duba da tocila: ɗige-ɗige baƙi kamar an taɓa da bakin biro, da ɓawon da suka saɓe. A duba bayan allon kan gado da ramukan noti. Zanin gado da labule a ɗaure su cikin leda tun daga ɗakin, a wanke da ruwa mai zafin digiri 60, a goge.

Duba-gari:
In ƙara a kan ta Hajiya: fiya-fiya da ƙwayar maganin ƙwarin hatsi ba na ɗakin kwana ba ne. Ita ƙwayar nan iskar guba take saki, tana bi ta silin ta shiga ɗakin maƙwabci, kuma ta sha kashe mutane cikin barci. A kira wanda ya san aikin feshi.

Sauro kuma ba daga tsakiyar tafki yake zuwa ba, daga kwatamin da ya toshe yake, da kududdufan da ruwa ke bari in ya janye, da cikin kainuwa da kacalla a baki. A sare ciyawa, a cike ramuka, kowace taga ta samu raga, a sa raga a bakin bututun iskar sokawe, gado ya samu gidan sauro.

Sai tsargiya. Dodon koɗin da ke ɗauke da ita yana son ruwa mai kwanciya da ciyawa, kuma cutar sananniya ce a yankunan noman rani. Ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Wajibi ne a kafa allon gargaɗi a inda baƙi ke sauka bakin ruwa.

Injiniyar Ruwa:
Wannan ta shafi ruwan wanka ma. In daga tafkin ake jawowa, ruwan ya kwana 2 a tanki kafin ya isa shawa, tsutsar tsargiya ba ta wuce haka a raye in ba ta samu jiki ba. Shi ya sa tanki biyu ake yi, ana shan ɗaya ɗaya na kwanciya. Tsarin shi ne alif ya kwantar da laka, a tace ta yashi, sannan kulorin. Kulorin ba ya aiki sosai a ruwa mai gurɓi, don haka ba a tsallake matakin farko, musamman da damina da ruwan ke yin ja. Bayan minti 30 a gwada a famfon da ya fi nisa, a samu miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita. A wanke tanki duk wata shida, murfinsa ya rufu ruf. In akwai burtsatse mai kyau a tudu, shi ya fi sauƙi.

Mai Wayarin:
Hita ta haɗa ni da Mai Famfo. Ruwan da ya tsaya ɗumi-ɗumi tsakanin digiri 20 da 45 yana haifar da ƙwayar da ke kawo ciwon huhu ta tururin shawa, don haka a saita hita a 60. Amma abin da ya fi gaggawa shi ne shokin. Kowane ɗaki ya samu na'urar da ke yanke wuta da zarar ta fara zurara, mai miliam 30, a danna maɓallin gwajinta duk wata uku. Wayar ƙasa ta isa jikin hita, a kuma auna ta da mita, kada a tsaya ga ganin koriyar waya, sau da yawa ba a haɗa ƙarshenta da komai ba. Fitila waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5, soket 2.5, esi da hita 4, kowanne da birekarsa. A buɗe soket ɗin da ke bangon da ke da danshi, in tagullar ta yi kore a sauya. Gini a kan tudu ko dutse a bakin ruwa kuma yana buƙatar sandar kama tsawa.

Fitilar waje kada a ɗora farar a saman ƙofa. Ƙwarin ruwa za su taru, gizo-gizo da tsaka su biyo su. A sa mai ruwan ɗorawa, a kafa ta a sanda nesa da ƙofa tana hasko ta.

Mai Esi:
Ana cewa a sa babbar esi ɗaki ya yi sanyi da wuri. A bakin ruwa wannan kuskure ne. Babbar tana sanyaya ɗaki cikin 'yan mintuna ta tsaya, ba ta samu lokacin tsotse danshi ba, sai ɗakin ya yi sanyi mai laima, fumfuna ta fito bayan labule. Ɗaki mai murabba'in mita 16 zuwa 20, mai doki 1 zuwa 1.5 ta isa. A wanke ragarta duk mako biyu, da hunturu duk mako. Bututun ruwanta a kai shi har magudana, kada a bar shi yana ɗiga a bango. Wannan koren layin gansakuka da ake gani ƙarƙashin esi, shi ne.

Kafinta:
Shi ya sa ban yarda a cire tagogin luba a sa gilas mai zamiya ba. Mai zamiya rabi kawai take buɗewa, luba kuwa gaba ɗaya. In wuta ta ɗauke, ɗaki mai taga biyu masu kallon juna da fanka mai aiki da sola ana kwana a cikinsa lafiya.

Mai Esi:
Da damina na yarda, Malam. Da hunturu luba ba ta tare ƙura, kuma sanyin esi yana zurarewa ta tsakaninta. Taga mai buɗewa kamar ƙofa, da roba a gefenta, ta raba mana gardama: tana buɗewa duka, tana rufuwa ruf.

Mai Wayarin:
Kalma ɗaya a kan janareto. Babba ɗaya da za a tayar don ɗakuna uku yana cin dizal a banza, kuma injin dizal da ke aiki ƙasa da kashi 30 na ƙarfinsa yana tara baƙin maiƙo a salansa. A yi babba da ƙarami. Juyen mai duk awa 250, a rubuta a littafi. Fitila da fanka da famfon tura ruwa a mayar da su kan sola, a wanke faifan da sassafe duk mako in hazo ya sauka.

Akanta:
Na saurari kowa, kuma babu aikin da aka lissafa da ya fi ƙarfin leburori da masu sana'a biyar. To me ya sa ba a yi? Domin kuɗin da baƙo ya biya ba ya kwana a wurin. Yana tafiya asusun gwamnati, manaja kuma in robar masai ta mutu sai ya rubuta takarda ta bi ofis-ofis. Kafin a sa hannu silin ya faɗo. Daga nan sai a jira babbar kwangilar gyara, a yi fenti, a yanke kyalle, a koma gidan jiya.

Masu otal na kasuwa suna ware kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na duk abin da ya shigo don sauya katifa da kujeru da na'urori. Masana gine-ginen gwamnati a Amurka kuma tun 1990 suka ba da shawarar a kashe kashi 2 zuwa 4 cikin 100 na kuɗin da zai sake gina wuri a kan kula da shi duk shekara. A can ɗakunan katako da dutse da matasan CCC, shirin gwamnati na ba matasa aikin yi, suka gina a wuraren shaƙatawa na jihohi tsakanin 1933 da 1942, da yawansu har yau ana kwana a ciki. Jihar Misuri tun 1984 ta keɓe harajin saye na kashi ɗaya cikin goma na kashi 1 cikin 100, ana raba shi tsakanin wuraren shaƙatawa da kare ƙasar noma da ruwa. Su ma suna kukan tarin gyaran da ba a yi ba, amma akwai kuɗin da ba sai an roƙa ba.

Shugaban Zaure:
To Akanta, a ba 'yan kasuwa haya ke nan a huta?

Akanta:
Yallaɓai, ya danganta da takardar. Hayar shekara uku ko biyar tana koya wa ɗan kasuwa ya tatsa ya gudu, don ba zai sa rufin da wani zai mora ba. In za a bayar, ta kai shekara 15 zuwa sama. A ɗauki hoton kowane ɗaki da lissafin kayansa ranar miƙawa, a buɗe asusun gyara da ba a taɓawa sai da sa hannun ɓangarori biyu, a rubuta ƙarara wa ke da rufi da sokawe da hanya, wa ke da katifa da fenti. A Tiga ma sai an tuna madatsar tana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta tarayya, don haka ɗibar ruwa da duk wani gini a baki sai an zauna da ita.

Hajiya Mai Kula da Ɗakuna:
Ban ƙi haya ba, amma a sa sharaɗin farashi. Wurin jama'a ne. In aka gyara shi ya koma sai mai hannu da shuni, malamin makaranta da iyalinsa da ɗaliban da ake kaiwa yawon buɗe ido sun rasa. A bar wasu ɗakuna masu fanka, masu tsabta, a farashi mai sauƙi. Ba su ma fi wuyar riƙo ba.

Baba Magini:
Shugaba, ka ce ta ina za a fara. In kuɗin bai isa ɗakuna 20 ba, kada a shafa wa 20 fenti. A zaɓi 8 da suka fi tudu a yi musu komai, sauran a gyara musu rufi kawai, a kwashe katifu da labule, a dinga buɗe su duk mako yadda Mai Famfo ya ce. A duba wurin a watan Satumba, lokacin da kowane aibu ya fito, a yi wa tabon alama da alli, a tona ramin gwaji a ga inda ruwan ƙasa ya kai. Oktoba da Nuwamba a sassaƙe filasta a yi sokawe da magudanai. Disamba da Janairu bango ya bushe, masu wayarin da famfo su yi nasu tun bangon na buɗe.

Kafinta:
Baba, rufin fa? Kada a kai shi Maris in akwai yoyo.

Baba Magini:
Gaskiyarka. In yana yoyo shi ne na farko, da zarar ruwa ya ɗauke a Oktoba, dubawar ƙusa ce ta Maris. Filasta a Fabrairu, a dinga yayyafa mata ruwa safe da yamma har kwana 7, don iskar lokacin tana busar da ita kafin ta kama, sai ta tsattsage. Fenti a ƙarshen Maris in ƙura ta kwanta. Katifu da labule kada su shigo sai ruwan farko ya sauka an shiga kowane ɗaki da tocila an duba silin.